KWANA 84 TSAKANIN MAJIYYACI DA WARAKA: MUHIMMANCIN ƘARASA MAGANIN CIWON HANTA NAU'IN C

Gabatarwa

A wata bazara ba da daɗewa ba, wani ɗan ƙanin mahaifina, manomi kuma mai ɗan cinikin hatsi, ya je asibiti domin ya ba matar maƙwabcinsa jini. Da aka auna jinin sai aka ce ba za a ɗiba ba, saboda an ga alamar ciwon hanta nau'in C a cikinsa. Aka yi gwaji na biyu aka tabbatar da cewa cutar tana nan a jikinsa. Likita ya rubuta masa maganin mako 12, wato kwalba 3, kowace kwalba da ƙwaya 28 a ciki. Ya sayi kwalbar farko ya shanye, kasalar da ya daɗe yana fama da ita ta tafi, cin abincinsa ya dawo. Ranar sayen kwalba ta biyu kuwa sai ta zo daidai da lokacin zuba taki a gona. Kuɗin da ke hannunsa ba zai yi duka biyun ba, saboda haka ya sayi taki.

Ban ji labarin ba sai bayan wata biyar, ranar da ya kawo mini takardar sabon gwaji domin in karanta masa. Cutar ta dawo kamar ba a taɓa taɓa ta ba. Da na tambaye shi dalilin da ya sa ya tsaya, sai ya ce, "Yaya, ai na ji sauƙi, gona kuwa ba ta jira."

Wannan amsa tasa ita ce ta sa na rubuta wannan maƙala. Ciwon hanta nau'in C yana cikin cututtukan bairos ƙalilan masu zama a jiki waɗanda a yau ake warkar da su ɗungurungum. Magungunan zamani suna warkar da fiye da mutum 95 cikin kowane 100 da suka sha su har ƙarshe. Saboda haka babbar tambayar ta tashi daga kan ko akwai magani, ta koma kan yadda za a taimaki majiyyaci ya kai ƙwayar ƙarshe, sa'an nan ya koma a yi masa gwajin tabbatarwa.

Hanta da baƙon da ke cin ta a ɓoye

Kamar yadda ɗalibanmu suka koya a darasin ilmin halittu, hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke adana sukari domin lokacin buƙata, ita ke yin ruwan maɗaciya mai taimakon narkar da maiƙo, ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, kuma ita ke tace guba da ragowar magunguna daga jini.

Akwai manyan nau'o'in bairos guda 5 da ke sa hanta kumburi, waɗanda aka laƙaba wa haruffan A da B da C da D da E. Nau'in A da E ana ɗaukar su ta gurɓataccen ruwa da abinci. Nau'in C kuwa hanyarsa jini ce: allurar da aka yi wa mutum fiye da ɗaya da ita, ƙarin jinin da ba a tace ba, askar wanzami ko ƙaho ko kayan yankan farce da ba a tsabtace ba tsakanin mutum da mutum. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko gaisawa, ko zama wuri ɗaya.

Abin da ya sa wannan cuta take da haɗari shi ne shirunta. Mutane da yawa suna ɗauka duk ciwon hanta sai ya zo da shawara, idanu su yi ɗorawa. Amma mafi yawan waɗanda suka kamu da nau'in C ba sa ganin wata alama. Kimanin kashi 30 cikin 100 garkuwar jikinsu tana kawar da bairos ɗin da kanta cikin wata 6. Sauran kashi 70 kuwa yakan zauna musu, yana ɓata ƙwayoyin halittar hanta, waɗanda ake kira sel, sannu a hankali, jiki kuma yana cike gurbinsu da tabo. Cikin shekara 20, tsakanin mutum 15 zuwa 30 cikin 100 na waɗannan hantarsu takan taurare ta ƙanƙance, daga nan kuma sai kumburin ciki, ko aman jini, ko sankarar hanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 akwai kimanin mutum miliyan 50 masu ɗauke da wannan cuta a duniya, kuma ta kashe kimanin 242,000 a wannan shekara. A Nijeriya, babban binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 1.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna da nau'in C, nau'in B kuwa kashi 8.1. Kashi ɗaya cikin ɗari ƙaramin adadi ne a baki, amma a ƙasa mai yawan jama'a irin tamu yana nufin ɗimbin magidanta da iyaye mata.

Daga allurar shekara guda zuwa ƙwayar wata uku

A shekarun 1970 wani likita a Amurka, Harvey Alter, ya lura cewa wasu daga cikin waɗanda aka ƙara wa jini suna kamuwa da ciwon hanta wanda ba nau'in A ba ne, ba kuma B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano bairos ɗin, a 1997 kuma Charles Rice ya tabbatar da cewa shi kaɗai ya isa ya haddasa cutar. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2020.

Za mu bar sunayen magunguna yadda ake rubuta su a jikin kwali, domin mai neman su ya gane su idan ya gani. Maganin farko shi ne allurar interferon, wadda aka amince da ita a Amurka a 1991, daga baya a 1998 aka haɗa ta da ƙwayar ribavirin. Ana ɗaukar mako 24 zuwa 48 ana wannan jiyya, tare da zazzaɓi, da ciwon gaɓoɓi, da ƙarancin jini, da ƙuncin rai mai tsanani. Bayan duk wannan wahala, kimanin rabin majiyyata ne kawai ke warkewa. A wancan zamani ne likitoci suka fara auna tasirin naci a kan maganin wannan cuta. Wani bincike da aka buga a 2002 ya nuna cewa waɗanda suka sha aƙalla kashi 80 cikin 100 na kowane ɗaya daga magungunan biyu, na tsawon aƙalla kashi 80 cikin 100 na wa'adin, sun fi sauran samun waraka.

Al'amari ya canja a Disambar 2013, lokacin da aka amince da sofosbuvir. Bayansa aka samu daclatasvir, da ledipasvir, da velpatasvir, a 2017 kuma haɗin glecaprevir da pibrentasvir. Waɗannan duka ƙwayoyi ne da ake sha sau ɗaya a rana, yawanci na mako 12, wasu ma na mako 8. Illarsu ba ta cika wuce ɗan ciwon kai ko gajiya ko tashin zuciya ba. Da farko kuɗinsu ya fi ƙarfin kowa, domin a Amurka an sa wa sofosbuvir na mako 12 farashin dala 84,000, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Amma da kamfanonin Indiya da Masar suka fara yin irinsa, farashin cikakkiyar jiyya ya sauko ƙasa da dala 100 a wasu ƙasashe masu tasowa.

Me ke faruwa a jiki idan aka yanke magani?

A nan ne ilmin halittu yake ba mu hujja. Bairos ba ya iya hayayyafa da kansa, sai ya shiga cikin sel ɗin hanta ya mai da shi masana'anta. Umarnin gina bairos nau'in C yana rubuce a kan wani zare mai suna RNA, mai ɗauke da kimanin haruffa 9,600. Domin ya hayayyafa yana buƙatar ma'aikata uku na musamman. Na farko kamar almakashi yake, yana yayyanka doguwar sarƙar furotin zuwa sassa masu amfani. Na biyu kamar mai kwafin littafi yake, yana sake rubuta zaren RNA. Na uku shi ne mai shirya wurin aiki da harhaɗa sababbin bairos. Kowane magani ɗaya daga cikin waɗannan yake ɗaurewa, kuma ƙarshen sunansa yana nuna wanda yake kamawa: masu ƙarewa da "previr" suna kama almakashi, masu "buvir" suna kama mai kwafi, masu "asvir" kuma suna kama mai harhaɗawa.

To, a jikin wanda ba ya shan magani ana ƙera kimanin bairos tiriliyan ɗaya kowace rana, wato miliyan sau miliyan, kamar yadda wani bincike da aka buga a 1998 ya nuna. Bari mai karatu ya ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce magani ya hallaka 999 cikin kowane 1,000 na wannan adadi. Nawa suka rage? Biliyan ɗaya. A sake hallaka 999 cikin 1,000 na ragowar, saura miliyan ɗaya. Cikin 'yan makonnin farko adadin bairos yakan faɗi ƙasa ƙwarai har na'urar gwaji ta kasa ganinsa a jini, majiyyaci kuma ya ji ƙarfi. Amma rashin ganinsa a jini ba ya nufin ya ƙare a cikin hanta. Sauran makonnin an tanade su ne domin a kai ga sel na ƙarshe da ke ɗauke da shi. Idan aka tsaya a tsakiya, 'yan kaɗan da suka rage sukan sake cika jiki cikin 'yan makonni. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Akwai kuma matsala ta biyu. Mai kwafin nan na bairos ba ya duba abin da ya rubuta domin ya gyara kuskure. Saboda yawan kwafin da ake yi kullum, kusan duk wani canjin harafi ɗaya da zai yiwu a cikin zaren nan yana aukuwa a kowace rana. Mafi yawan waɗannan kurakurai nakasa bairos suke yi, amma jefi-jefi akan sami wanda ya sauya siffar ma'aikacin har magani ya kasa kama shi da kyau. Dalilin da ya sa ake haɗa magani biyu ke nan, domin wanda ya kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya cafke shi. Idan kuwa ana sha ana bari, ƙarfin magani a jini yakan ragu zuwa matsayin da zai kashe raunanan bairos ya bar masu taurin kai su yaɗu. Wannan shi ne zaɓin yanayi da muke karantarwa a aji, yana faruwa a cikin hantar mutum ɗaya. An kuma lura cewa bairos ɗin da ya bijire wa magungunan "asvir" yakan daɗe a jiki har shekaru, abin da ke sa jiyya ta biyu ta fi ta farko wuya da tsada.

Duk da haka akwai albishir a cikin halittar wannan bairos. Ba ya cusa umarninsa a cikin kundin gadon sel kamar yadda bairos mai karya garkuwar jiki yake yi, ba ya kuma barin ajiyayyen kwafi a cibiyar sel kamar nau'in B. Idan aka hana shi hayayyafa na isasshen lokaci, ba shi da maɓoya. Abin da ya sa maganinsa yake da ranar gamawa ke nan, alhali na waɗancan biyun yawanci na tsawon rai ne.

Mantuwar kwana ɗaya daban, yankewa daban

Kada bayanin da ya gabata ya tsorata wanda ya manta ƙwaya ɗaya har ya ce aikin ya ɓaci, ya watsar da sauran. Bincike ya nuna cewa waɗannan magunguna suna da ɗan haƙuri. A wani bincike mai suna SIMPLIFY da aka buga a 2018, an ba mutum 103 masu tu'ammali da miyagun ƙwayoyi ta hanyar allura haɗin sofosbuvir da velpatasvir na mako 12, a cikin kwali mai na'urar da ke rubuta lokacin da aka ɓallo kowace ƙwaya. Da yawa daga cikinsu sun tsallake wasu kwanaki, amma kusan dukkansu sun kai ƙarshen wa'adi, kuma 97 daga cikinsu, wato kashi 94 cikin 100, sun warke.

Darasin shi ne, babban haɗari yana ga dainawa gaba ɗaya ko doguwar yankewa. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka ita ce, wanda ya rasa magani na kwana 7 ko ƙasa da haka ya ci gaba nan take har ya gama. Wanda yankewarsa ta wuce haka kuwa ya koma wurin likita ba tare da jinkiri ba, domin mai yiwuwa a yi gwaji, ko a ƙara tsawon wa'adi, ko a sake shiri. Ba a kuma haɗa ƙwaya biyu a sha lokaci ɗaya domin rama ta jiya. Mafi muhimmanci, majiyyaci ya faɗa wa likita gaskiyar kwanakin da ya tsallake, likita kuma ya tambaya ba da faɗa ba, domin wanda ake yi wa tsawa ƙarya zai koya.

Me ke sa mutane su daina?

A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kimanin rabin masu doguwar jiyya ne kawai ke shan magani yadda aka umarce su. Rahoton ya kuma nuna kuskure ne a ɗora laifin duka a kan halin majiyyaci, domin talauci, da tsarin asibiti, da yanayin cutar, da irin maganin duk suna da hannu.

A wurinmu dalili na farko shi ne kuɗi, musamman idan ana sayen magani kwalba-kwalba, wata-wata. Na biyu shi ne nisa: wanda zai bar gonarsa ko shagonsa ya biya kuɗin mota zuwa babban birni kowane wata, ya yini a layi, wata rana ma a ce magani ya yanke, ba zai daɗe yana zuwa ba. Na uku shi ne samun sauƙi da wuri, ko kuma rashin jin ciwo tun farko, domin da wuya mutum ya nace wa maganin cutar da ba ta taɓa kwantar da shi ba. Na huɗu shi ne kunya da tsoron tsangwama, har magidanci ya ɓoye kwalba a shago don kada iyalinsa su gani, ranar da bai fita ba kuma ya rasa sha. Na biyar shi ne tafiye-tafiye, kamar fatauci da cin rani da aikin Hajji. Na shida kuwa shi ne masu ba da shawarar a ajiye na asibiti a koma ga jiƙo.

Darasi daga Masar da wasu wurare

Ƙasar da ta fi kowace nuna abin da zai yiwu ita ce Masar. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi gangamin yi wa miliyoyin mutanen karkara allurar maganin tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini da mu ma muka sani a garuruwanmu na bakin ruwa. Da yake ana maimaita sirinji ba tare da isasshiyar tafasawa ba, sai nau'in C ya bazu. Binciken ƙasa na 2008 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin 10 na masu shekara 15 zuwa 59 yana ɗauke da bairos ɗin a jininsa. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin jiyya a faɗin ƙasa, ta sasanta farashi a 2014, ta ƙarfafa yin maganin a cikin gida. A Oktobar 2018 ta fara gangamin gwaji kyauta, inda aka auna kusan mutum miliyan 50 cikin wata 7, aka kuma ba waɗanda aka samu da cutar magani ba tare da sun biya ba. A Oktobar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da wannan cuta. Misirawa ba su fi sauran mutane ƙarfin tunawa ba. An dai kusanto musu da magani, an kuma ɗauke musu nauyin kuɗinsa.

Wani bincike mai suna MINMON, wanda aka buga a 2022, ya gwada wata hanya mai sauƙi a ƙasashen Brazil da Afirka ta Kudu da Tailan da Uganda da Amurka. An miƙa wa kowane majiyyaci ƙwayarsa 84 gaba ɗaya tun ranar farko, ba a ce ya riƙa zuwa asibiti ba, an dai tuntuɓe shi daga nesa sau biyu, a mako na 4 da na 22. Daga cikin mutum 399 da suka fara, 379 sun warke, wato kashi 95 cikin 100. Da ɗan'uwana ya sami kwalabensa uku a hannu tun ranar farko, da taki bai shiga tsakaninsa da lafiyarsa ba.

Dabarun da ke taimakawa

Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fi kyau a jinkirta farawa da 'yan makonni, bisa shawarar likita, har a haɗa kuɗin magani duka, da a fara a tsaya a tsakiya. Dangi su haɗa gudummawa kamar yadda ake yi wa biki ko suna. A sayi magani a amintaccen wuri, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, domin an taɓa kama jabun irin waɗannan magunguna har a ƙasar Japan a 2017.

Na biyu, a ɗaura shan magani a kan abin da ba a mantawa da shi kullum, kamar bayan sallar asuba ko lokacin karin kumallo, a kuma saita ƙararrawar wayar hannu. Da yake sau ɗaya ake sha a rana, mai azumi yana iya mai da lokacinsa sahur ko buɗa baki bayan ya shawarci likita. Haɗin glecaprevir da pibrentasvir dole ne a sha shi tare da abinci.

Na uku, a zana gida 84 a kan takarda a manna a bango, a soke gida ɗaya bayan kowace ƙwaya. Wannan yana warware shakkar nan ta "na sha ko ban sha ba".

Na huɗu, a sami mataimaki guda a cikin gida wanda ya san halin da ake ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan dabara ce da aka daɗe ana amfani da ita wajen jiyyar tarin fuka, inda wani yake shaida cewa an haɗiye magani.

Na biyar, mai tafiya ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙari, ya sa shi a jakar hannu, ya kiyaye shi daga zafin rana.

Abubuwan da ke karya ƙarfin magani

Mutum yana iya shan ƙwayarsa kullum amma wani abu ya hana ta aiki. Rifampicin, ɗaya daga manyan magungunan tarin fuka, yana sa jiki ya fitar da waɗannan magunguna da sauri har su rasa amfani, saboda haka ba a haɗa su. Haka nan wasu magungunan farfaɗiya, irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital. Velpatasvir da ledipasvir suna buƙatar tsamin ciki kafin su narke, don haka magungunan olsa da ƙwannafi suna rage shigarsu jini. Akan ba da tazarar awa 4 tsakaninsu da irin maganin ƙwannafin da ake tsotsa ko ake sha da cokali. Kanwar da wasu ke jiƙawa domin ciwon ciki ita ma kashe tsami take yi, ya kamata a ambata ta ga likita. Maganin zuciya mai suna amiodarone kuwa idan ya haɗu da sofosbuvir yana iya rage bugun zuciya ƙwarai. Hanya mafi sauƙi ita ce majiyyaci ya zuba duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a leda ya kai wa likita ko mai haɗa magani ya gani. Barasa kuwa ƙara wa hanta rauni take yi, dole a bar ta.

Akwai gargaɗi na musamman ga ƙasarmu, inda nau'in B ya yi yawa. Idan mutum yana da B da C tare, kawar da C yana iya sa B ya farka ya yi ɓarna. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa an rubuta wannan gargaɗi a takardun bayanin magungunan tun 2016. Saboda haka wajibi ne a yi gwajin nau'in B kafin a fara. Mace mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki ita ma ta sanar da likita, musamman idan za a haɗa da ribavirin, wanda ke cutar da ɗan tayi.

Gwajin ƙarshe

Shanye ƙwaya ta 84 ba shi ne ƙarshen aiki ba. Bayan mako 12 da gamawa ake yin gwajin PCR, wanda ke neman RNA ɗin bairos a jini. Idan ba a gan shi ba, an warke. Mutane da yawa ba sa komawa wannan gwaji, sai su zauna ba su san matsayinsu ba. A kuma lura cewa ƙaramin gwajin nan na gaggawa sawun ɓarawo kawai yake nunawa, wato alamar cewa garkuwar jiki ta taɓa karo da cutar, kuma yakan ci gaba da nuna haka shekaru bayan waraka. PCR ne ke faɗin ko ɓarawon yana cikin gida har yanzu.

Waraka ba ta hana sake kamuwa, kuma har yanzu babu allurar rigakafin nau'in C, saɓanin nau'in B. Wanda ya warke ya kiyaye aska da allura kamar kowa. Wanda hantarsa ta riga ta taurare kafin jiyya kuwa zai ci gaba da zuwa a duba ta da na'urar hoton ciki kowane wata 6, domin haɗarin sankara ya ragu ne, bai gushe ba.

Kammalawa

A 2016 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin rage sababbin kamuwa da ciwon hanta na bairos da kashi 90 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 65, kafin 2030. Wannan alkawari a cikin gidaje zai cika ko ya faɗi. A gidaje da yawa ɗalibin sakandare ne mai karanta takardar asibiti, shi ne kuma ya iya saita waya. Malaman kimiyya suna iya amfani da lissafin tiriliyan da muka yi a sama wajen koyar da hayayyafa da zaɓin yanayi, su kuma ware ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, domin tattaunawa da ɗalibai.

Ɗan'uwana dai ya koma wurin likita, aka sake masa shiri da wani haɗin magani wanda ya fi na farko tsada da wuyar samu. A wannan karo 'yan'uwa mun haɗa kuɗin duka kafin ya haɗiyi ƙwayar farko. 'Yarsa da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ita ta zana gida 84 a bayan tsohuwar kalanda, ita ce kuma take sokewa kowace safiya kafin ta tafi makaranta. Ta soke gida na ƙarshe tuni. A lokacin da nake rubuta wannan maƙala, saura mako 5 a yi masa gwajin tabbatarwa, kuma kuɗin gwajin yana ajiye a hannun mahaifiyarta. Allah ya ba shi lafiya, da sauran majiyyata baki ɗaya.